A Ƙasar Narambaɗa da Kassu, Yara Sun Koma 'Yan Sauraro

Da la'asar sakaliya, in an taso daga Islamiyya, rumfunan cajin waya na Ƙaura Namoda sukan cika da yara. Janareta na ruri a gefe, wayoyi jere a kan katako kowace da lambarta, ga tsohuwar kwamfuta da ake tura waƙoƙi da finafinai cikin memori. Yawancin yaran ba su da waya. Aiken iyaye ko na yayye ne ya kawo su, sai su tsaya su sha kiɗa kyauta daga lasifikar mai rumfa.

Sun kuwa iya waƙoƙin. Da an sako ta Hamisu Breaker ko ta Rarara, bakinsu na biye da ita har ƙarshe babu tuntuɓe.

Amma a bar cikin gari, a shiga ƙauyukan ƙasar Banga, ko a bi hanyar Moriki zuwa Shinkafi, ko ta Zurmi, a ga yadda dare ke sauka. Kafin a gama shafa'i da wuturi an ja ƙyaure. Ko wata ya kwana goma sha huɗu, ba ka jin tafi, ba ka jin kalangu. Yarinyar da ta ɗaga murya da waƙa a tsakar gida ma, uwarta kan tsawata mata ta sassauta, kada a jiyo daga daji.

Tsofaffin yankin suna yawan cewa yaran yanzu ba su iya wasa ba. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, sai dai laifin bai rataya a wuyan yaran ba. Babu zamanin da yaro Bazamfare ya taɓa jin kiɗa da yawa kamar yau. Wanda yake yi da bakinsa da hannunsa ne ya yi ƙaranci.

Ƙasar makaɗa

In ana lissafin manyan makaɗan Hausa, wannan yanki ba ya zuwa a ƙarshe. Ibrahim Narambaɗa, mai Bakandamiya, ɗan Tubali ne ta yankin Shinkafi. Masu rubuta tarihinsa sun nuna cewa ta wajen uwa ya gaji kotso, daga danginta na Badarawa, kuma da kiɗan noma ya fara kafin ya zama makaɗin Sarkin Gobir na Isa Amadu. Ya rasu wajen farkon shekarun 1960, amma har gobe ɗaliban Hausa a jami'o'i na rubuta kundaye a kan hikimarsa. Farfesa Aliyu Muhammad Bunza ya yi littafi sukutum a kansa a 2009.

Zurmi ta fitar da Kassu, mai kalangun 'yan tauri da mafarauta. Sa'idu Faru, wanda ake kira Malamin Waƙa, asalinsa ƙasar Maradun ne, amma yana da jini a Banga ta wajen mahaifiyarsa, kuma cikin iyayen gidan da ya waƙe akwai Sarkin Yaƙin Banga da Sarkin Kiyawan Ƙaura Namoda, ban da babban ubangidansa Sarkin Kudu Macciɗo. In aka ɗan faɗaɗa da'irar za a haɗa da Musa Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991, da Salihu Jankiɗi ɗan Rawayya, Sarkin Taushin Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, da Amali Sububu na waƙoƙin noma.

Sunan Sububu kaɗai ya isa ya nuna inda aka kwana. Wanda ya girma da rediyo a shekarun 1980, in ya ji sunan, gangar noma ke faɗo masa a rai. Yaron da aka haifa bayan 2010 kuwa, dajin 'yan bindiga ya sani.

Arziki ma ya taimaka wa kiɗan. Tun da layin dogo ya iso Ƙaura Namoda a 1929, garin ya zama matattarar gyaɗa da auduga da fatu, kasuwar Shinkafi kuma tana jawo fatake har daga Nijar. Inda kuɗi ke juyawa da kaka, nan makaɗi ke sauke turunsa. Mahauta na da kiɗansu, maƙera na da nasu, 'yan dambe da 'yan kokawa kowa da takensa.

Makarantar da ba ta da allo

Babu ɗaya daga cikin waɗancan makaɗa da ya zauna a aji aka koya masa kiɗa. Haka ma dubban mutanen da ba su zama makaɗa ba amma suka tashi da kunnen waƙa. Rayuwar ce gaba ɗaya ke tafe da sauti, yaro kuma yana tsakiyarta.

Tun yana goye yake farawa. Uwa ko kaka ko 'yar reno na jijjiga shi da waƙar lallashi. In ana daka, yana bayan uwarsa, jikinsa na karɓar bugun taɓarya. Mata biyu ko uku a turmi guda suna lugude, wannan ta ɗaga wannan ta sauke, ana cafe taɓarya ana tafi a tsakani. Wannan lissafin lokaci ne tsantsa, wadda ta kuskure shi taɓarya ta ci hannunta. A bakin dutsen niƙa kuwa, nan mace ke amayar da abin da ke cinta, ta yi wa kishiya habaici, ta yi begen gidansu, ba wanda zai ce ta yi rashin kunya, ai waƙa take yi. Ranar daɓen ɗaki matan unguwa sukan taru da maɗaɓai, bugu ɗaya murya ɗaya.

Da yarinya ta tasa sai dandali. A gaɗa, 'yan mata kan yi da'ira, ɗaya ta ba da waƙa saura su amsa, mai rawa ta shiga tsakiya ta juyo ta saki jikinta da baya, ƙawaye su tare ta su cilla ta sama. Duk wanda ya taɓa tsayawa ya kalli wannan ya san ba ƙaramin abu ake koya ba. Sai ka yarda da mutane kafin ka faɗa musu da baya. Sai ka jira naka lokacin. In kuma ke ce mai bayarwa, dole ki ƙago sabon baiti nan take, ki sa sunan wani saurayi ko ki zolayi wata ƙawa, ya kuma hau kan amshi daidai. Yarinya 'yar shekara goma da ke iya wannan a gaban tsaranta ashirin ta riga ta koyi tsayuwa gaban jama'a.

Waƙoƙin gaɗa ba su da marubuci, amma suna ɗauke da abin da 'yan mata ba su iya faɗa a gaban iyaye: tsoron auren dole, ƙin tsoho mai kuɗi, kewar ƙawar da aka kai gidan miji. Iyaye mata na jiyowa daga cikin gida, kuma sau da yawa ta nan suke gane abin da ke ran 'ya'yansu.

Maza ma ba a bar su a baya ba. Bayan girbi, karan dawa ya zama sarewa, gwangwani da 'yar fata ya zama ganga. Da azumi ya kwana goma sai tashe, yara su bi gida-gida da shigar ban dariya, suna kwaikwayon malami da mai gari da tsoho mai rowa, ana ba su hatsi ko 'yan kuɗi. Wasan kwaikwayo da waƙa da kiɗa duk a dunƙule, kuma yaran ne da kansu ke shiryawa, babba bai sa musu hannu.

A gona kuma akwai gayya. Makaɗin noma na biye da samari kunya-kunya, yana kiran sunan wanda ya yi gaba, yana zuga wanda ya sare. Yaron da aka aiko da fura yana tsaye yana gani yadda kirari ke sa mutum ya manta da gajiya.

'Ya'yan makaɗa nasu ya fi haka tsari. Yaro kan fara da ɗaukar kaya, ya koma kan ƙaramar ganga irin kuntukuru ko kanzagi, ya shiga sahun 'yan amshi, sai bayan shekaru ya kai ga ja gaba. Ta wannan hanya Sa'idu Faru ya bi mahaifinsa, ta nan Ɗanƙwairo ya bi nasa tare da yayansa Abdu Kurna.

Abin lura shi ne duk wannan makaranta ba a biyan ko kwabo. Abubuwa uku kawai take buƙata: fili, da dare, da kwanciyar hankali.

Dare ya zama na wasu

Ukun nan su ne rikicin 'yan bindiga ya ƙwace. Tun wajen 2011 abin ya faro da satar shanu da ramuwar gayya tsakanin makiyaya da 'yan sa-kai, ya rikiɗe ya zama garkuwa da mutane da ƙona garuruwa. Shinkafi da Zurmi na cikin inda wutar ta fi ci. Mutanen ƙauye ma ba su cika kiran sunan maharan ba, sai dai su ce mutanen daji.

Shekarar 2021 ta fi tsaya wa iyaye a rai. A watan Fabrairu aka kwashe 'yan mata kusan ɗari uku daga makarantar Jangebe. A farkon Satumba aka sake ɗibar ɗalibai sama da saba'in a Kaya ta ƙasar Maradun. Gwamnati ta rufe makarantu, ta dakatar da kasuwannin mako, aka katse layukan waya na tsawon makonni, wasu wuraren har watanni. Ko da yake duka makarantun biyu ba a wannan yanki suke ba, saƙon ya isa kowane gida: taron yara wuri guda hatsari ne.

To wa zai bar ɗiyarsa ta fita dandali? Kiɗa da dare a ƙauye tamkar shela ce cewa ga jama'a a tare, ga 'yan mata, ga samari da babura. Biki da a da ake kwana bakwai ana yi, da kamu da wankan amarya da kiɗan ƙwarya da ajo, a wurare da yawa ya koma ɗaurin aure da safe, a kai amarya tun rana na sama, kowa ya kama gabansa.

Gayya ma ta ja baya. Inda sai an biya harajin 'yan bindiga kafin a shiga gona, ko ake noma ido na kan bakin daji, babu mai gayyato makaɗi ya tara samari hamsin. Dambe da kokawar kaka, waɗanda ke zagaya ƙauyuka bayan an kai amfani gida, sun tattare sun koma manyan garuruwa. Sharon Fulani, da sarewar makiyayi da ake jiyowa da yamma, su ma rikicin ya haɗiye su, don yaran rugage na cikin waɗanda suka fi kowa asara.

Sai gudun hijira. Iyalin da suka bar ƙauyensu suka sauka a kangon gini ko gidan ɗan'uwa a Ƙaura ko Shinkafi ko Gusau, da abin da suka iya ɗauka suka fito. Turmi ba ya cikin kayan gudu. Yarinyar da za ta koyi gaɗa wurin yayyenta tana yawon talla ko bara, ƙawayen da za su tare ta kuma kowace ta faɗa wani gari.

Tun kafin a ji ƙarar bindiga

Rashin adalci ne a ɗora wa 'yan bindiga komai. Sun tarar da ginin ya riga ya tsage.

Da farko akwai yadda Bahaushe ke kallon makaɗi. Yana son waƙa, yana kyauta a kanta, sarki na iya ba da doki da riga saboda baiti guda, amma in aka zo maganar aure sai a tuna cewa gidan maroƙa ne. Kiɗa sana'ar gado ce, wanda bai gada ba in ya ɗauki kalangu sai a ce ya lalace. Saboda haka tun fil azal ɗan malami ko ɗan sarauta ko ɗan attajiri ba shi da hanyar koyon kayan kiɗa, iyakarsa wasan dandali. Yanzu kuma jikokin makaɗan da kansu da yawa sun gwammace acaɓa ko tireda.

Na biyu, fada ta rage ƙarfi. Tun da aka karɓe kotu da 'yan doka daga hannun sarakuna a ƙarshen shekarun 1960, aka zo da gyaran ƙananan hukumomi na 1976, hakimi ba shi da abin riƙe makaɗi da iyalansa shekara da shekaru. 'Yan siyasa ne suka gaji wannan matsayi, su kuwa waƙar situdiyo suke so, wadda za a yi yau a sa a mota gobe.

Na uku, inji. Injin niƙa ya sauƙaƙa wa mata wahala, babu mai hankalin da zai ce a koma dutse, amma ya tafi da waƙar niƙa. Fiyano guda ta maye gurbin makaɗa shida. Mai biki ya lissafa kuɗin DJ da na ciyar da ƙungiyar makaɗa, ya zaɓi mai sauƙi.

Me malamai ke cewa?

Sai babbar magana, wadda ba a iya tsallakewa a Zamfara. Muhawara kan kiɗa ta girmi kowa da ke raye. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda ya yi kimanin shekara biyar yana wa'azi a ƙasar Zamfara kafin jihadi, ya soki shagaltar sarakunan Hausa da kaɗe-kaɗe a Kitabul Farƙi, ya kuma yarda da buga ganga don wata manufa ta shari'a kamar tara runduna. A rubuce-rubucensa na baya ya kawo saɓanin malamai a kan mas'alar. Shi da ƙaninsa Abdullahi da ɗiyarsa Nana Asma'u kuma duk da waƙa suka karantar da jama'a. 'Yan tarun Nana Asma'u da rerawa suka kai ilimi ga matan ƙauye.

A zamaninmu, wa'azin Izala tun daga 1978 ya ƙara tsananta wa kiɗan biki da cakuɗar maza da mata. Da Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar da shari'a a Gusau a watan Oktoba na 1999, ta fara aiki a farkon 2000, makaɗa da yawa sun shiga ɗari-ɗari, wasu suka rage fita, wasu suka koma waƙar yabon addini ko ta gwamnati. Ƙungiyar Freemuse mai kare 'yancin mawaƙa ta fitar da rahoto a 2003 kan halin da makaɗan jihohin shari'a suka shiga.

Malaman da ke hani suna da hujjojinsu, kuma ba duka ne na littafi ba. Suna cewa dandalin da ake yabo nan ne ake tsarince, nan 'yan mata ke kai tsakar dare a waje, nan tarbiyya ke zubewa. Duk wanda ya tashi a ƙauye ya san ba ƙage suka yi ba. Wasu malaman kuma, musamman na ɗariƙu, suna bambanta waƙa mai kyau da marar kyau, suna kafa hujja da halaccin buga mandiri a biki da idi. 'Yan Ƙadiriyya ma da bandiri suke zikiri.

A ganina, an bar wannan saɓani ya rufe wani fili mai faɗi da kusan kowa ya yarda da shi. Ban san malamin da ya haramta wa uwa yi wa jaririnta waƙa ba, ko ya hana ƙananan 'yan mata tafi da rera waƙa mai tsabta a tsakar gida da rana. Rigimar tana kan kayan kiɗa da cakuɗa da batsa. Amma a aikace, tsoron kada a ce gidan wane ana kiɗa ya sa an share har da abin da babu mai jayayya a kansa.

Abin ban sha'awa, makarantar da ta fi kowace koya wa yaran yankin rera waƙa a yau ita ce Islamiyya. Da waƙa ake haddace sunayen Allah da farillan alwala da tarihin Annabi, da waƙa ake walimar sauka, ga ƙasidun Mauludi ga Ishiriniya. Malaman Islamiyya sun riƙe abin da Nana Asma'u ta sani, cewa abin da aka rera ya fi zama a ƙwaƙwalwar yaro. Sai dai a nan yaro karɓa yake yi ya maimaita. Ba a neman ya ƙago nasa.

A takarda akwai, a aji babu

Manhajar ilimin bai-ɗaya ta ƙasa tana da darasin al'adu da fasaha, wanda ya haɗa kiɗa da zane da wasan kwaikwayo, daga firamare har ƙaramar sakandare. Nijeriya kuma ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara tun 1991, wadda sashe na 31 nata ya ba yaro haƙƙin wasa da shiga harkokin al'adu.

A ƙasa kuwa labarin daban ne. Makarantar da malami ɗaya ke riƙe da aji biyu ko uku, rufi ya yaye, yara na zaune a ƙasa, darasin fasaha shi ake fara yadawa. Inda ake yin sa ma, yawanci rubutu ne a allo: a lissafa kayan kiɗa biyar, a kwafa, a haddace don jarrabawa. Yaro na iya cin maki a kan kotso bai taɓa ganin kotso ba, alhali a ƙasarsu aka fi iya kaɗa shi.

Malaman da aka horar kan kiɗa ma ba su da yawa a arewa maso yamma. Tun da Jami'ar Nsukka ta buɗe sashen kiɗa a 1961, irin waɗannan sassa sun fi yawa a kudu da tsakiyar ƙasar. A arewa maso yamma kuwa, sassan Hausa ne suka riƙe waƙar baka, kuma sun yi aiki babba. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya shafe shekaru yana tattara tarihin makaɗa da matanin waƙoƙinsu. To amma nazari daban, koyar da yaro ya rera daban.

Gwamna Dauda Lawal ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a ƙarshen 2023, an kuma gyara makarantu da dama. Jami'an ilimi za su ce, kuma da gaskiyarsu, yaron da bai iya karanta sunansa ba karatu ya fi buƙata. Sai dai malaman ƙananan azuzuwa sun san cewa da waƙa baƙaƙe da ƙirga suka fi saurin shiga. Abokan tafiya ne, ɗaya bai tare wa ɗaya hanya ba.

Abin da ke cikin memori

Wayar hannu ta cike gurbin da dandali ya bari, kuma ba duk abin da ta kawo ne sharri ba. Ta dalilinta matashi a Zurmi na iya jin Narambaɗa da Shata da Ɗan Anace duk lokacin da ya so, abin da kakansa sai ya jira Rediyon Kaduna ko Rima ta sako. Waƙoƙin Aminu Ala sun sa matasa da yawa sha'awar Hausa mai zurfi. Akwai kuma samarin da suka shiga situdiyo a Gusau ko Kano ba tare da sun gaji kiɗa ba, ƙofar da a da take rufe.

Amma memori ba ya tace abin da ya ɗauko. Waƙar soyayyar da aka yi don manya ita ke bakin 'yar shekara shida. Waƙar zambon siyasa ita yara ke yi wa juna a hanyar makaranta. Mafi muni, wajen 2021 wata waƙar yabon Bello Turji, ɗan bindigar da ya addabi ƙasar Shinkafi, ta zagaya wayoyi, ga kuma bidiyoyin 'yan bindiga a TikTok suna rawa da makamai da damman kuɗi.

Masu kare mawaƙan zamani sukan ce ai ba yau aka fara ba, Kassu Zurmi ma ya waƙe ɓarayi, haka Gambu a ƙasar Kabi. Haka ne. Bambancin shi ne yaron wancan zamani in ya ji irin wannan waƙa, ɗaya ce cikin ɗari, kuma da dare zai je ya yi tasa da tsaransa. Na yau, in ƙauyensu ya watse, makaranta a rufe, mai bindiga ne kaɗai yake gani ana yi wa kirari. Kirari kuwa Bazamfare ya san aikinsa, da shi ake sa namiji ya tunkari abin da ya fi ƙarfinsa.

Ana yunwa, wa ke ta waƙa?

Tambayar da mai karatu zai yi ke nan, kuma tana bisa hanya. A tsakiyar 2024, ƙungiyar likitocin agaji ta MSF tare da ma'aikatar lafiya sun auna yara 'yan ƙasa da shekara biyar kusan dubu ɗari a Shinkafi da Zurmi, suka tarar kimanin ɗaya cikin huɗu na fama da tamowa. A irin wannan hali, maganar gaɗa na iya zama kamar ta wanda ya ƙoshi.

Sai dai likitocin tamowa da kansu ba su raina wasa ba. Ƙa'idojin Hukumar Lafiya ta Duniya na jinyar yaro mai tsananin tamowa sun sa wasa da motsa hankali cikin matakan magani, har da shawarar a riƙa yi wa yaron waƙoƙin gida da wasannin yatsu. Dalili shi ne yunwa ba jiki kaɗai take tsumburarwa ba. Yaron da ya daɗe a kwance yakan daina kuka, ya daina dariya, ya daina bin mutane da ido, kuma in ba a ta da hankalinsa ba, ko ya yi ƙiba ƙwaƙwalwar na iya zama a baya. Uwar da ta ga an kashe mijinta ita ma takan yi shiru, ta daina yi wa goyonta magana balle waƙa.

Wato abin da kakanninmu ke yi a bakin turmi ba da sanin sunansa ba, shi ne asibiti ke rubutawa a matsayin magani.

Tsallaken iyaka

Zurmi na da iyaka da Nijar, Maraɗi ba nisa. Can ma Hausawa ne, Musulmi ne, suna da malamai masu hani, suna kuma da nasu rashin tsaron. Amma hukuma ta daɗe da ɗaukar kiɗa a matsayin abin da ake koyarwa. Tun 1987 ake gasar kiɗa ta ƙasa da sunan Ɗangurmu, makaɗin Tawa, kuma a 1989 aka buɗe cibiyar koyar da kiɗa ta Alhaji Taya a Yamai, inda aka tara kayan kiɗan gargajiya ake kuma horar da matasa. Cibiya guda a babban birni ba ta isa yaron ƙauye ba, amma ta cire wa sana'ar wani kaso na ƙyama.

A Zamfara ba sai an jira gini ba. Akwai sashen da ke nazarin Hausa a Jami'ar Tarayya ta Gusau, akwai Kwalejin Ilimi ta Maru da ke yaye malaman firamare, ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a Ƙaura Namoda tun 1983. Waƙoƙin fada sun tsira, suna cikin faifai da littattafai. Waɗanda ke bakin ɓata su ne na gaɗa da reno da daka da tashe na ƙauyukan Banga da Badarawa da Moriki, don kowane gari da irin nasa, kuma ba kasafai aka naɗe su ba. Masu su tsofaffin mata ne, da yawansu yanzu suna zaman hijira a cikin manyan garuruwa, kusa da ɗaliban da ke neman abin rubuta kundi.

Gidajen rediyon Gusau na iya ware rabin awa a mako yara su zo su rera da kansu. Shugaban makarantar firamare na iya gayyato tsohuwa ɗaya daga unguwa ranar Alhamis ta koya wa 'yan aji uku waƙoƙin da ta sani, da rana, mata daban maza daban in haka zai kwantar da hankalin iyaye, a kuma nuna wa limamin gari abin da za a rera tun kafin a fara. Ba a buƙatar fiyano ko lantarki. Tafi da ƙwarya sun wadatar. A halin da ake ciki, filin makaranta da hantsi shi ne kusan wuri ɗaya da yara talatin za su taru iyaye ba su ta da hankali ba, a garuruwan da makarantar take buɗe.